Wata Shida a Majalisar Dokokin Jiharmu: Hanyar da Takardar Ƙorafi Take Bi

Ɗalibin aikin jarida a jami'a, idan ya kai aji uku, akwai wata shida da zai ajiye aji ya fita koyon aiki. Shi ne SIWES, wanda mu ɗalibai muke ce wa IT kawai. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, ita ta ɓullo da shirin a 1973, saboda masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa waɗanda suka gama makaranta sun sha karatu amma hannunsu bai taɓa aiki ba. Yawancin 'yan ajinmu gidajen rediyo da talabijin suka nufa. Ni majalisar dokokin jiharmu na zaɓa. A unguwarmu ba a raba hira da maganar ɗan majalisa, amma ban taɓa jin wanda ya iya faɗin abin da yake yi daga safe zuwa yamma ba, ko ta wace ƙofa talaka zai bi maganarsa ta kai gabansa. Ina so in gani da idona.

Ofishin SIWES na makaranta ya ba ni takardar gabatarwa, ni kuma na rubuta ta neman gurbi zuwa ga Akawun Majalisa, domin shi ne shugaban ma'aikatan wurin. Kakaki jagoran 'yan majalisa ne, ba shi ke ɗaukar ɗalibi ba. Wani yayana da ya daɗe a aikin gwamnati ya ja mini kunne da abu guda: kada in damƙa wa kowa takarda a bakin ƙofa, in kai rajista da kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, in tafi da ita gida. Haka na yi. Daga rajista takardar ta hau teburin Akawu, ya yi minit, wato ya rubuta ɗan umarni a kanta, zuwa ga daraktan mulki, shi kuma ya tura wa sashen yaɗa labarai su faɗi ko suna da wuri. Duk sanda na dawo bibiya, kwafin nan mai hatimi nake nunawa, ma'aikacin rajista ya duba kwanan wata, ya buɗe babban littafinsa, ya ce fayil yana ofishi kaza. Da takardar amincewa ta fito na mayar wa makaranta, na karɓi logbuk, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum, na cike fom ɗin shaidar fara aiki da ake kai wa ofishin ITF. A watan Yulin 2024 na fara.

Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin gwauron zabi, kuma ɗalibin IT ba ya cikin waɗanda ake biya a wurin. Mahaifiyata ce ke ba ni kuɗin mota daga cinikin da take yi a gida. Wasu da muka fara tare sun rage zuwa, ba don lalaci ba, don babu. Na faɗi wannan ne saboda duk mai son ganin matasa sun kusanci gwamnati ya san cewa kuɗin mota kaɗai yana iya tankaɗe ɗan talaka daga wannan dama.

Aikina na farko shi ne in zauna a wajen 'yan kallo ranar zaman majalisa, in naɗi murya, in rubuta taƙaitaccen rahoto. Zaman yana da tsari mai ban sha'awa. Ana shigo da sandar majalisa a gaban Kakaki, a ɗora ta a kan tebur, a yi addu'a, a amince da bayanan zaman da ya gabata, sannan a bi takardar jadawalin ranar ɗaya bayan ɗaya. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mambobi 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba, sai kashi ɗaya cikin uku sun hallara ake zama, kuma dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wajen 'yan kallon nan. Ɗan ƙasa yana iya zuwa a tantance shi a ƙofa ya hau ya zauna ya saurara, amma yawanci mu ne kaɗai a wurin: 'yan jarida, hadiman 'yan majalisa, da ɗalibai irina. Kujeru da yawa babu kowa.

Ba a daɗe ba majalisa ta tafi hutu, sai kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a jihohin Arewa da dama. Abokaina da yawa sun fita, kuma na san yunwar da ta fitar da su gaskiya ce, a gidanmu ma muna jin ta. Da ƙura ta lafa na koma ofis da tambaya a raina: mutumin da ya fita titi ya yi kuka ya koma gida, gobe ina zai kai kukansa a rubuce, inda dole wani ya amsa?

Wani dattijon masinja, wanda duk ma'aikata ke kira Baba, shi ya nuna mini hanya. Ya gan ni zaune babu aiki saboda hutu, ya ce, "Yaro, in aiki kake so ka koya, ba a zaure ake yin sa ba, a kwamiti ake yi. Je ka gaida Hajiya a ofishin ƙorafe-ƙorafe." Hajiya ita ce sakatariyar kwamitin sauraron ƙorafin jama'a, ma'aikaciya ce da ta ga majalisu da dama sun zo sun wuce. Na yi sallama, na rusuna na gaishe ta, na ce in da abin da zan kama mata ina so.

"Kai ne yaron IT na sashen labarai? Ka iya kwamfuta?"

"Na iya, Hajiya."

"To gobe ka zo da wuri, ɗana. Akwai fayil-fayil da ke jiran mai haƙuri."

Aikin da ta ba ni shi ne in shigar da tsofaffin takardun ƙorafi cikin jadawali a kwamfuta: wa ya rubuta, daga wace ƙaramar hukuma, a kan me, wane ɗan majalisa ya gabatar, kuma ina maganar ta tsaya. A nan na karanta jiharmu fiye da yadda na taɓa karanta ta a jarida. Tsofaffin ma'aikata da ke jiran garatuti, manoman da aka karɓi gonakinsu don aikin gwamnati ba a biya diyya ba, ma'aikacin da ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, rigimar burtali tsakanin manoma da makiyaya, ƙauyen da asibitinsu ba shi da ungozoma. Wasu an buga su da kwamfuta, wasu rubutun hannu ne a takardar da aka yago daga littafin makaranta.

Abin da ya riƙa damuna shi ne ƙananan dalilan da ke kashe takarda. Wata babu sa hannu. Wata babu adireshi ko lambar waya, ko an so a gayyaci mai ita ba a san inda za a same shi ba. Wata ta cika shafuka da bayanin zaluncin da aka yi, amma ba ta faɗi abin da ake so majalisa ta yi ba. Wata maganar tana gaban kotu, majalisa kuwa ba ta sa baki a shari'ar da alƙali bai yanke ba. Wata kuma ba hurumin jiha ba ce sam, kamar ƙorafi a kan hanyar gwamnatin tarayya ko a kan 'yan sanda, wanda Majalisar Tarayya ya kamata ya nufa. Sannan babbar ƙa'idar da mutane ba su sani ba: takarda ba ta shiga zaure da ƙafarta, sai wani ɗan majalisa ya tashi ya gabatar da ita, Kakaki ya tura ta kwamiti. Hajiya takan kira masu irin waɗannan takardu idan akwai lamba, ta faɗa musu gyaran da za su yi. Wasu takan ce su je Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi. Babu wanda ya sa ta wannan kiran, da katin wayarta take yi.

Wajen ƙarshen damina wasu dattawa suka zo daga wani ƙauye, tare da wani matashi malamin firamare. Ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa su da babbar hanya. Mota ba ta shiga, amfanin gona ba ya fita, mace mai naƙuda sai a ɗauke ta a amalanke a kewaya ta wani gari kafin a kai asibiti. Sun zo da wasiƙa da Hausa, mai ɗauke da tarihin garin tun daga kakanni. Hajiya ta sa aka kawo musu ruwa, ta karanta har ƙarshe ba ta katse ba, sannan ta dubi babbansu.

"Baba, kukanku ya isa kuka. Amma ku faɗa mini a magana ɗaya, me kuke so majalisa ta yi?"

Dattijon ya ce, "Hajiya, a gina mana gada."

"Majalisa ba ta gini, Baba. Amma tana iya kiran masu ginin su zo su yi bayani a gabanku, tana kuma iya sa aikin a kasafi. To wannan za mu roƙa."

Ta ce in zauna da su. Ni da malamin muka tsara takardar a shafi ɗaya da rabi: sunan gari da mazaɓa, lokacin da kwalbatin ya karye, garuruwan da abin ya shafa, wuraren da suka riga suka kai kuka, sai roƙo guda biyu a fili. Muka yi ta Turanci saboda fayil, muka haɗa da ta Hausa domin duk wanda zai dangwala yatsa ya ji abin da ya sa wa hannu. Sashe na 97 na tsarin mulki ya ce da Turanci ake gudanar da aikin majalisar jiha, amma ya ba ta damar ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan ta amince da hakan, kuma a ganina jihohinmu ba su ci moriyar wannan dama yadda ya kamata ba. Suka koma gida aka sa hannu, dagaci ya buga hatiminsa, malamin ya ɗauko hotunan wurin da wayarsa muka buga. Daga nan suka nemi ɗan majalisarsu. Sai da suka yi ta sintiri kafin su same shi, amma da ya ga takardar a shirye, da hotuna da sa hannun mutanen da suka zaɓe shi, bai yi musu ba.

Ranar da ya gabatar da ita bayan an dawo hutu, abin bai ɗauki minti biyar ba. Ya faɗi sunan garin, ya karanta roƙon, ya ajiye takardar a tebur, Kakaki ya tura ta kwamiti ya ba da wa'adin kawo rahoto. Dattawan suna wajen 'yan kallo. Na ga yadda babbansu ya gyara zama da aka ambaci garinsu a lasifika.

Ni na buga takardun gayyata, Baba masinja ya raba. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba majalisar jiha ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta ware, da ikon kiran duk wanda take buƙatar bayaninsa, har ta sa a kamo wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba. Ranar zaman, ma'aikatar ayyuka ta turo darakta, ƙaramar hukuma ta turo shugaban sashen ayyukanta. Aka fara da jayayyar wa ke da alhakin hanyar. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kuma a lokacin ana ta maganar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Mutumin ƙaramar hukuma ya ce aikin ya fi ƙarfinsu. Daraktan kuwa ya buɗe fayil ya ce aikin yana cikin kasafin jiha na shekarar, kuɗin ne ba a saki ba.

A nan na fahimci abin da ban taɓa ji a aji ba. Sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Bayan gwamna ya sa hannu, sai ma'aikata ta rubuta neman amincewa, a amince, ma'aikatar kuɗi da Akanta Janar su saki, a ba da kwangila. A kowane mataki aikin ƙauye yana iya kwanciya, musamman idan babu mai tambayarsa. Mutanen garin ba su ma san an taɓa sa kwalbatinsu a kasafi ba.

Shugaban kwamiti ya ba dattijon dama. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu san fayil ba. Mun san dai bana a amalanke muka fitar da 'ya'yanmu mata zuwa asibiti. Idan kuɗin yana rubuce, a taimaka a fitar da shi daga rubutu." Ɗakin ya yi tsit. Da na zo rubuta bayanan zaman, Hajiya ta ce in sa maganarsa yadda ya faɗe ta, kada in yi mata kwalliya.

Kwamiti ya kai rahoto, majalisa ta amince, ta yi kira ga ɓangaren zartarwa da ya gaggauta aikin. Na yi murna sosai, amma Hajiya ta zaunar da ni ta ce irin wannan matsaya shawara ce mai nauyi, ba doka ba ce da za ta tilasta wa gwamna. "Inda ƙarfin majalisa yake shi ne kasafi," in ji ta. "Ka gaya wa malamin nan su dawo lokacin kasafi. Zuwa da kai ya fi aike."

Lokacin kasafi majalisa takan canza kama. Gwamna ya zo ya ajiye ƙudurin, a yi karatu na biyu, a tura kwamitin kasafi, sauran kwamitoci su riƙa karɓar kwamishinoni da manyan sakatarori suna kare abin da suka nema. Motoci cike da harabar, ma'aikata suna kaiwa dare. Akwai kuma ranar jin ra'ayin jama'a, wadda ake sanarwa a rediyo. Waɗanda suka zo yawanci ƙungiyoyi ne da suka saba: masu fafutukar lafiya da ilimi, ƙungiyar masu buƙata ta musamman, 'yan ƙwadago. Wani mai magana a kan lafiya ya tunatar da alƙawarin Abuja na 2001, inda ƙasashen Afirka suka ce za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya.

Wani abin da ya taimake mu shi ne yanzu jihohi suna saka kasafinsu a intanet, har da rahoton yadda aka kashe kuɗi duk wata uku. Wannan ya samu ne musamman ta shirin SFTAS da aka fara a 2018 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba jihohi kuɗi idan sun bayyana lissafinsu. Na sauke kundin a waya, na nemo layin kwalbatin da lambarsa da adadin da aka ware, na tura wa malamin. Ranar jin ra'ayi ya tashi da takarda ɗaya, ya ce shafi kaza, layi kaza, an ware bana ba a saki ba, ga kuma matsayar da majalisa ta ɗauka da kanta. Bai yi minti uku ba. Na ga shugaban kwamitin kasafi ya ɗauki biro ya rubuta, abin da bai yi wa masu dogon jawabi ba.

Wannan salon bibiya ba sabo ba ne a Arewa. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, garin Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin tsaftace ƙasarsa. Matasan da suka fara shirin bin diddigin kuɗin gwamnati na Follow The Money a 2012, ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, suna cikin waɗanda suka dage da tambayar ina kuɗin yake, har gwamnatin tarayya ta sake shi a farkon 2013. Tambaya ce ɗaya da ta malamin ƙauyen nan: nawa aka ware, wa ke riƙe da shi, yaushe zai fito.

Matasa muna yawan ambaton dokar rage shekarun takara da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wadda ta saukar da shekarun neman kujerar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ina goyon bayanta ƙwarai. Amma kujerun ba su wuce 40 ba a kowace jiha, alhali kowace mazaɓa tana buƙatar wanda ya iya tsara takardar ƙorafi, ya iya karanta kasafi, ya san ranar da ƙofa ke buɗe. A Abuja wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira PLAC tana da shirin tura matasa koyon aiki a kwamitocin Majalisar Tarayya. Ina ganin majalisun jihohi sun fi buƙatar irinsa, domin su ne kusa da mutane. A tsara shi da kyau, a raba ɗalibai zuwa kwamitoci tun ranar farko maimakon a bar su a sashe ɗaya suna jiran sa'ar haɗuwa da irin su Baba, a ba su ko kuɗin mota ne. A kuma ware wa ɗalibai mata gurbi da gangan. Akwai majalisun jihohin Arewa da ko mace ɗaya babu a zaurensu, kuma na lura matan da ke zuwa da ƙorafin fanshon mazajensu da suka rasu sun fi sakin jiki su yi bayani idan mace ce a bayan tebur.

A watan ƙarshe malamin da makaranta ta turo ya zo duba ni, ya karanta logbuk, ya gana da Hajiya da shugaban sashen labarai. Aka cike mini fom 8, wato fom ɗin kammala koyon aiki, aka buga hatimi, na koma makaranta na rubuta rahoto na kare shi a gaban malamai. Jadawalin da na fara yana nan a kwamfutar ofishin, kuma Hajiya ta ce ɗalibar da ta zo bayana ta ci gaba da shi.

Kwalbatin ya sake shiga sabon kasafi. Da rahoton wata ukun farko ya fito, na duba na ga ba a saki komai ba tukuna. Na kira malamin ƙauyen na faɗa masa. Ya ce za su sake rubutawa, wannan karon zuwa ga kwamitin ayyuka, su roƙi ya biyo ta garinsu a zagayen duba ayyuka kafin ruwa ya sauka. Shi ya tsara takardar da kansa, ya kai rajista da kwafi biyu. Ni lambar shafin kawai na tura masa.